Chanthaburi: Inda Ake Gane Bishiya Tun Tana Cikin Leda

Sana'ata rainon dashe ce, kuma duk mai wannan sana'a ya san inda take da ciwo. Mutum yana sayen bishiya ne tun tana cikin leda, ba fure ba ɗa, sai ganye shida ko takwas, ya je ya shekara biyar yana ban ruwa kafin ya san ko abin da aka ce masa shi ne. Na daɗe ina jin sunan lardin Chanthaburi na ƙasar Tailan a bakin masu harkar 'ya'yan itace, cewa can ne cibiyar duriyan, wani ƙaton ɗan itace mai ƙaya da wari, da mangostin da rambutan. Da dama ta samu sai na shirya tafiyar ta faɗo a watan Mayu, lokacin da kakar 'ya'yan itacen ke kan ganiyarta, damina kuma ta fara kankama.

Jirgi ya bi da mu ta Addis Ababa, daga can muka kwana a sama zuwa Bankok, babu abin faɗi sai ciwon baya. A filin jirgin Suvarnabhumi akwai shingen da ya kamata matafiyi ya sani tun daga gida: wanda ya fito daga ƙasashen da ake samun cutar shawara sai ya fara biyawa ta teburin jami'an lafiya, ya nuna katin rigakafi, a buga masa hatimi, sannan jami'an shige da fice su saurare shi. A gabana aka mayar da wasu baya bayan sun sha dogon layi. Daga nan jirgin ƙasa zuwa cikin gari, sai jirgin da ke bin gada ta saman tituna zuwa Ekkamai, inda tashar motocin gabas take. A tashar jirgin na fara ganin duriyan, amma a hoto, an ja masa jan layi: ba a shiga da shi saboda wari.

A lokacin kuɗin mota zuwa Chanthaburi bai wuce baht 200 da 'yan kai na kuɗin ƙasar ba, tafiyar kilomita kusan 250 ce, awa huɗu. Suna tuƙi ta hannun hagu. Rabin farko na hanyar masana'antu ne da rumbunan ajiya, na yi barcina. Da muka wuce yankin Rayong sai ƙasa ta sauya, gonakin roba suka fara, sai lambuna, sai ga a-kori-kura ɗaya bayan ɗaya an yi musu kejin ƙarfe an loda duriyan har sama. A bakin hanya rumfunan tattara kaya ne manya-manya, da yawansu da rubutun Sinanci a allo, don akasarin duriyan ɗin lardin ƙasar Sin ake kai shi.

Na sauka a wani ƙaramin masauki kusa da kogi, a tsohuwar unguwar da ke fuskantar babban cocin Katolika na garin. Ɗakin tsaf, da na'urar sanyaya ɗaki, a bayan ƙofa kuma takarda ce mai gargaɗin tarar da za a ci duk wanda ya shigo da duriyan. Zafin garin ba irin na rana mai ƙuna ba ne, gumi ne wanda ba ya bushewa. Rigar da na wanke da dare sai na same ta da danshinta da safe.

Abinci ya ba ni wahala da farko, don naman alade yana shiga miya da yawa ba tare da ido ya gani ba. Abin da ya cece ni kasuwar duwatsu masu daraja ce da ke titin Si Chan, wadda ke ci daga Juma'a zuwa Lahadi. Chanthaburi ta shahara da yanka da goge yakutu da makamantansa, kuma 'yan Afirka ta Yamma da yawa suna kawo ɗanyen dutse suna sayarwa a can. Bayan sallar Juma'a na ji wani dattijo yana waya da Hausa. Na jira ya gama na yi masa sallama. Ya shekara da shekaru a garin, yana jin harshensu, matarsa ma 'yar can ce.

"Malam, dutse ka kawo?"

"A'a Alhaji, itatuwa na zo gani."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya tsallako teku don ya kalli ganye ba. Amma shi ne ya nuna mini inda Musulmi ke sayar da abinci, inda na ci taliyar shinkafa ta garin soyayya da kaguwa, kuma shi ne ya ce dangin matarsa suna da wurin rainon dashe a bayan gari, zai kai ni.

Wurin wata tsohuwa ce, gwaggon matarsa, kowa Pa yake ce mata, har Alhajin. Rumfuna ne dogaye na baƙar raga, ƙarƙashinsu dubban ledoji a jere, an bar siririyar hanya a tsakani. Babu allon suna a kan yawancinsu. Na tambaya ta bakin Alhaji yadda ba ta rikicewa, sai kawai ta kama ganyen wani dashe ta kifa shi. Samansa kore ne mai sheƙi, bayansa kuwa ruwan zinare-zinare ne ko na tagulla, da wasu ƙananan ɓawo-ɓawo da ke ɗan kama yatsa. Duriyan ke nan, kuma cikin duk abin da ke rumfar babu mai irin wannan baya. Ganyensa ɗai-ɗai yake fita, wannan a dama, na gaba a hagu.

Kusa da shi mangostin ne, shi kuma komai nasa akasin haka. Ganyensa bibbiyu ne suna fuskantar juna, masu kauri kamar fata, sabon toho ja-ja. Ta tsinke gefen ganye ɗaya, wani ruwa rawaya mai danƙo ya taru a wurin. Jakfurut ma yana fitar da danƙo, amma nasa fari ne tas, kuma yana manne wa hannu sai an sa mai. Wani abin da ke ruɗar baƙo game da jakfurut shi ne ganyen ƙaraminsa yakan fito da tsage-tsage, kunne biyu ko uku, alhali na babbar bishiya a mulmule yake, sai mutum ya rantse iri biyu ne. Sai ta ja ni wani lungu ta nuna mini wasu dashe da na ɗauka mangostin ne marasa ƙiba, ganye bibbiyu, danƙo rawaya. Ta ce in tauna. Tsami ya cika mini baki. Chamuang ne, ɗan uwan mangostin, ganyensa ake nema a wurinsa, da shi ake yin miyar da garin ya yi suna a kanta, wadda ban ci ba saboda da alade ake dafa ta. Ganyensa ya fi na mangostin siranta da laushi, amma sai an ajiye su gefe da gefe ake gani.

Abin da na lura shi ne ba da ido kaɗai take aiki ba. Tana murza ganye ta shinshina, tana ɗaga shi ga haske, tana mirgina kara tsakanin yatsu. Ganyen dangin lemo, in ka ɗaga shi ga rana, za ka ga ɗigo-ɗigon mai a cikinsa. Abin da ke raba su kuwa ƙafar ganyen ce: ta pomelo, wannan ƙaton lemon nasu, tana da fiffike mai faɗi, ta lemon makrut da suke sawa a miya kuwa fiffiken ya kai girman ganyen kansa, sai ka ce ganye biyu aka jona. Gwaiba tun tana ƙarama ana gane ta da kara mai kusurwa huɗu. Mangwaro da ƙamshin ganye in an murza, da sabon toho mai ja wanda ke rataye a sanyaye. Masu sabon shiga da yawa sukan ɗauka cuta ce su dinga zuba magani, alhali haka yake fitowa, bayan 'yan makonni ya miƙe ya yi kore.

Inda idona ya gaza shi ne wajen rambutan da longan da lici. Dangi ɗaya ne, duka ganyensu a jere yake a kan sanda ɗaya, kuma a leda kusan fuska ɗaya gare su. Ta ajiye su uku a gabana. Na rambutan ya fi faɗi, ƙananan ganyen ba su da yawa. Na longan sun fi yawa, sun fi siranta, jijiyoyinsu sun fito fili. Na lici santsi ne da sheƙi da tsinin baki, jijiyar gefe da kyar ake ganinta. Ta sa jikanta ya cuɗa ledojin ya sake jerawa, ta ce in raba. Na raba, tana ta dariya ƙasa-ƙasa, ba ta faɗa mini nawa na samu ba.

To amma gane nau'in bishiya ƙaramin aiki ne. Babban shi ne sanin ko dashen mai aure ne ko na ƙwallo, don a nan ake cin kuɗin mutane a ko'ina cikin duniya. Duriyan na ƙwallo yakan kai shekara takwas zuwa goma bai yi ɗa ba, kuma in ya yi ba lallai ya yi kama da uwarsa ba. Mai aure yana farawa a shekara huɗu zuwa shida, kuma abin da aka ɗora shi zai bayar, ko nau'in Monthong mai kaurin tsoka da ake fitarwa waje, ko Chanee, ko Kanyao mai dogon wuya. Rambutan na ƙwallo ya fi haɗari, don yana iya fitowa namiji, ya yi ta fure har abada babu ɗa. Saboda haka hannun Pa kullum ƙasa yake fara zuwa, kamar taƙi ɗaya daga bakin leda, inda mahaɗar take. Aure mai kyau ya warke, ya ɗan kumbura, ba tsaga ba ruɓa, launin ɓawon sama da na ƙasa sun ɗan bambanta. Ta nuna mini dabarar mayaudara ma: a yanke kan dashen ƙwallo, in ya yi sabon toho daga gefe a naɗe wurin da leda. Daga nesa aure ne sak. In ka kwance ledar sai ka ga kututturen da aka datse a gefe, tohon kuma daga jikin gindin ya fito.

Mangostin ne ya fita daban a wannan doka, kuma ya ba ni mamaki. Ƙwallonsa ba ta hanyar barbarar fure yake samuwa ba, daga jikin uwar yake ginuwa, don haka duk abin da ya tsiro kwafin uwarsa ne. Shi ya sa akasari da ƙwallo suke shuka shi, ba su damu da aure ba. Kuɗin da ake biya shi ne haƙuri. Saiwarsa rarrauna ce, ba ta da gashi sosai, yakan yi shekara biyu a leda kafin ya isa dasawa, sannan shekara bakwai zuwa goma kafin ɗan fari. Wasu nau'o'in mangwaron yankin, irin su Nam Dok Mai, suna da wani abu mai kama da wannan. Ƙwallo ɗaya yana fitar da tsiro uku ko huɗu, yawancinsu kwafin uwa, saɓanin mangwaron asalin Indiya da ke ba da tsiro ɗaya tak mai sabon hali.

Da ta ga da gaske nake, sai ta ɗauki wuƙa ta farke ledar wani dashen da ya daɗe ba a saya ba. Daga sama lafiyayye ne, ganye kore shar. A ƙasa kuwa uwar saiwar ta kai gindin leda ta lanƙwashe, ta dinga zagayawa tana naɗe kanta. Irin wannan in aka dasa shi haka, zai yi shekara biyu ko uku kamar abin kirki, sannan ya tsaya cak ko iska ta kwantar da shi. Shawararta ita ce a guji dashen da tsawonsa ya fi ƙarfin ledarsa, ranar dasawa kuma a yanke gindin ledar da ɗan abin da ya naɗe, a warware sauran a hankali. Ba ta sayar da dashen da ke tsakiyar sabon toho ga mai tafiya nesa, sai ganyen ya ƙosa. Kuma kafin ta sallami kaya takan fitar da su gefen rumfa na wasu kwanaki su saba da rana kaɗan-kaɗan. Ƙasar ledarta ma ba ƙasa zalla ba ce, da ɓuntun shinkafa da dakakken ɓawon kwakwa a ciki don ruwa ya wuce.

Abin da na fi tsayawa ina kallo shi ne duriyan mai ƙafa uku. Sukan shuka ƙwallo biyu a kusa da dashen, in sun tasa a yanke kawunansu a jona su a jikin na tsakiya, bishiya ɗaya ta tashi da saiwa uku. Dalilin cutar ruɓewar saiwa da gindi ce da ake kira Phytophthora, wadda ke bin ruwan da ya kwanta, kuma Monthong ba ya jure mata. In ƙafa ɗaya ta ruɓe sauran su riƙe. Irin wannan ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ana rububinsa.

Washegari ɗan Pa ya ɗauke mu a a-kori-kura zuwa sabon lambun da yake kafawa. A nan ne na ga bambancin duniyarsu da wadda na saba. Inda rani ke da tsawo, mai dashe kwari yake yi wa gindin bishiya don ya tare ruwa, fargabarsa ƙishi. Chanthaburi na samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, fargabarsu ita ce ruwan ya kwana a gindi. Don haka ba rami suke haƙawa su binne ba, tudu suke tarawa, wani ya kai ƙugu, su dasa duriyan a samansa, tsakanin bishiya da bishiya mita takwas zuwa goma, da lambatu a tsakanin layuka. Mahaɗar auren tana sama da ƙasa sosai, ba a yarda ƙasa ta rufe ta. Kowane dashe da turkensa, da guntun raga a gefen da rana ke faɗuwa, da ɗan famfon yayyafi don watannin da ruwa ke ɗaukewa. A tsakani an shuka ayaba, tana ba da inuwa tana kuma kawo kuɗin cefane kafin manyan su fara. Yana tafe yana fizge duk tohon da ya fito a ƙasan mahaɗa, don in aka bar shi gindin zai rinjayi abin da aka ɗora, mutum ya wayi gari da bishiyar ƙwallo. Taki kaɗan-kaɗan yake sawa, akai-akai, a zagaye daidai inda inuwar ganye ta tsaya, busasshiyar ciyawar da ya lulluɓe ƙasa da ita ma ba ta taɓa jikin karan. Furen da ƙaramar bishiya ta yi da wuri cire shi yake yi. Wannan ya fi komai wuya ga mai lambu, na sani, amma bishiyar da ta ɗauki ɗa kafin ta yi ƙashi takan daɗe ba ta farfaɗo ba.

Muna cikin haka hadari ya haɗo, kafin mu kai rumfa mun jiƙe sharkaf. Na tsaya ina kallon ruwan yana gangarowa daga kan tudun nan zuwa lambatu, cikin ɗan lokaci hanyar mota ta zama rafi, gindin dashen kuwa ko ɗigo bai taru ba. Da aka ɗauke muka shiga tsohon ɓangaren lambun, na jingina da wata mangostin, jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida suka zubo mini a wuya. Cizonsu kamar wuta. Sai da na tuɓe riga a gaban jama'a. Mai lambun bai ko nuna damuwa ba, ya ce yana barinsu ne don suna cinye ƙwarin da ke ɓata 'ya'yan.

A can na ci duriyan na farko. Warin yana nan yadda ake faɗa, ga wani abu kamar albasa a bayansa, amma tsokar laushi ce da zaƙi da maiƙo, kuma tana da nauyi a ciki. Suna bin sa da mangostin, wai wannan mai zafi ne wancan mai sanyi. Mangostin kam ban ga mai ƙin sa ba. Yaron gidan ya nuna mini cewa in ka ƙirga 'yan kunnuwan da ke gindin ɗan, adadin ɓangarorin da ke ciki ke nan, kuma babban ɓangaren ne yawanci mai ƙwallo. Ya kawo salak ma, ɗan wani gajeren dabino mai ƙaya, wanda namiji daban mace daban, sai an bi da hannu an kaɗa wa furen macen garin namijin.

Daga baya muka haura arewa zuwa gundumar Pong Nam Ron, wajen iyakar Kambodiya, inda ake noman longan. A hanyar akwai shingen jami'an tsaro, don a lokacin ma'aikatan lambu da yawa daga tsallaken iyaka suke zuwa. Suka karɓi fasfo suka duba biza suka miƙo mini, ba a nemi komai ba. Longan ba aure aka fi yi masa ba. Reshe ake zaɓa a jikin uwa, a feƙe ɓawonsa zagaye, a naɗa jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa a ɗaure da leda, in saiwa ta cika a yanke a dasa. Yana saurin yin ɗa, amma ba shi da uwar saiwa mai nitsewa, don haka turke wajibi ne gare shi. A nan na ga wasu dashe sabon ganyensu ya yi rawaya jijiyoyin na nan kore. Mai wurin ya ce ba yunwar taki ba ce irin wadda ke fara wa tsohon ganye na ƙasa, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma yakan zo in ƙasa ko ruwan ban ruwa ya cika alli. Yawancin itatuwan nan ƙasa mai ɗan tsami suke so.

Na so shiga cibiyar binciken lambu ta gwamnati da ke lardin, inda masani Songpol Somsri ya fitar da nau'in duriyan mai ƙarancin wari da aka sa wa suna Chanthaburi 1, amma ranar da na samu sarari ranar hutu ce, sai daga bakin ƙofa na hango layukan bishiyoyin.

Ranar da zan taso Pa ta ware mini dashe uku ta ce kyauta. Na yi godiya na bar su a hannun Alhaji ya dasa a bayan gidansa. Fita da tsiro daga ƙasa zuwa ƙasa sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar aikin gona ta ƙasar da aka ɗauko, da izinin ƙasar da za a kai, kuma ƙasashe da yawa ba sa yarda a shigo da ƙasar da ke jikin saiwa, don ta nan cuta irin wadda ta sa su yi wa duriyan ƙafa uku ke tsallaka iyaka. Ƙwallayen ma ba sa ajiyuwa, na duriyan da mangostin da rambutan duk in suka bushe na 'yan kwanaki sun mutu. Kuma ko da sun isa da rai, bishiyar da ta saba da iska mai danshi shekara zagaye ba za ta ji daɗin busasshiyar iska ba, ganyen rambutan tun daga baki yake fara ƙonewa. Abin da na saya a kasuwar garin wuƙar aure ce guda biyu da naɗin ledar ɗaure mahaɗa, na sa su a jakar da ake aunawa don kada a karɓe wuƙaƙen a filin jirgi. Alhaji ya raka ni tasha, na hau motar rana zuwa Bankok, jirginmu ya tashi bayan tsakar dare.